Surukin da Ya Hana Ni Cewa "To"

Ɗazu ina shanya, jirgi ya wuce ta saman Illela, sai Baba, surukina, ya faɗo mini a rai.

Allah Ya sani, bawan Allahn nan ya gajiyar da ni. In ya ba ni saƙo na durƙusa na ce "to", sai ya buga sanda a ƙasa: "To mi? Maimaita in ji!" Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Rannan yana shan fura, na gaji na ce, "Baba, kunya fa."

Ya ajiye ludayi. "Kunya? Shekarar mulkin kai ina koyon ba jirage hanya, malaminmu ya ba jirgi biyu tsayi guda a sama. Na lura, na yi shiru, wai babba ne. Da idona na ga sun gitta juna, ɗiyata, kamar nan da rumbun can, kowanne cike da mutane."

Na so in ce mu gero muke aikawa ƙauyen Araba, ba jirgi ba. Amma haka na maimaita masa saƙon.

Allah Ya jiƙansa, Ya daidaita harshensa wurin amsa tambayar kabari.