Mai Rijiya, Kakar da Ba a Haifa Ba

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ajiye abin da ke hannunku ku ba ni kunne. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba. Abin da ya same ni ne, ni nake faɗa da bakina, jikata tana danna mini a waya, don ni ko sunana aka rubuta da boko ba zan shaida shi ba.

Shekarun baya, ɗiyata ta ɗauko ni daga gida ta kawo ni Greensboro, nan ƙasar Turawa, in taya ta riƙon yara. Na zo da niyyar 'yan watanni, ga ni har yau. Muka zauna a ɗakunan haya na bakin Gate City Boulevard, daga baya Allah ya hore wa surukina gida a McLeansville, inda in ka leƙa taga babu abin da za ka gani sai fili da itatuwa. Yaran suka girma suka bar ni ba aiki. Sai ya zama duk Asabar in an tashi Islamiyya, iyaye kan bar mini ƙananansu in yi musu tatsuniya kafin su gama hirarsu. Babu yaron da ya san sunana. Kaka kawai suke cewa.

A cikin jikokina akwai wadda ta ci sunan mahaifiyata, Uwata nake ce mata. Ta shiga jami'a, wai tana koyon rubuta labari. Na ce ashe abin da nake yi kyauta a kan tabarma har makaranta ake zuwa dominsa. To, ita ce ta zauna ta ƙirƙiri wani dogon labari na zuri'a guda, tun daga kakannin kakanni har zuwa 'ya'yan da aka haifa a nan. Duk la'asar sai ta zo ta zauna gefen sallayata tana karantawa da Turanci, tana juya mini da Hausarta mai ɗingishi, ina gyara mata.

Labarin wani tsohon gidan ƙasa ne mai soraye da yawa, rabinsu a rufe, mujiya na kwana a azara. A tsakar gidan akwai rijiya da ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarar da duk garin ya rasa ruwa. Mai gidan wata tsohuwa ce da ake kira Mai Rijiya. Garin duka na cewa mayya ce. Da rana ba mai gaishe ta, amma duk wadda naƙuda ta yi wa gardama, ƙofarta ake bugawa. Ba ta taɓa rantsuwa don ta wanke kanta ba, ba ta kuma taɓa hana kowa ruwa ba. 'Ya'yanta suka gudu daga sunanta gari bayan gari, amma duk inda suka sauka sai su riƙa jin ƙarar guga a cikin barcinsu.

Ni da na tsufa ina ba da labari, ban taɓa haɗuwa da mace irin wannan ba. Na san ba ta wanzu ba. A gabana aka yi ta, ni ce ma na ba da zanen saƙin da take ɗaurawa da irin tsagar fuskarta. Amma in Uwata ta makara ba ta dawo ba, sai in kama kaina ina leƙen taga ina tunanin ko yaya Mai Rijiya ta kwana.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Yarinyar ta rubuta labarin kamar ita ce jikar, ta buɗe shi da cewa kakar kakata ta wajen uwa mayya ce. Ta kuma sa sunan garinmu na gaskiya.

Na ce, “Uwata, mayya fa kika ce.”

Ta ce, “Kaka, fikshan ne, ƙirƙira ce kawai. A nan mayya ba zagi ba ne, mace ce mai ƙarfi da maza suka ji tsoro.”

Na ce, “A nan ɗin da kike faɗa, har da gidajen Hausawa?”

Ta yi dariya, ni ma na yi, muka wuce babi na gaba.

Wanda aka haifa a nan ba zai gane ba, bari in faɗa. A wurinmu maita ba laifin mutum ɗaya ba ce. Cewa ake gado ce, a nono ake sha. In aka liƙa wa tsohuwa, an liƙa wa ɗiyarta da jikokinta da waɗanda ba a haifa ba. Ba a cin abincin gidan, ba a neman aure a ciki.

A lokacin kuwa yayan Uwata, babban jikana, ya ga yarinya a gidan wasu mutanen kirki da ke Sedgefield. An kai gaisuwa, an karɓa, har an sa rana. Ana cikin haka aka yi taro a makarantar su Uwata, ta tashi ta karanta farkon labarinta, aka tafa mata. Wani ya ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo, abin da aka ɗauka ya shiga guruf ɗin matanmu na waya.

Ba wanda ya ce mini komai. Sai dai Asabar ta zo, na shimfiɗa tabarma, yaran da suka zo ba su kai rabi ba. Na soya ƙosai na kai gidan suna, na dawo da kwanona kamar yadda na kai shi. Surukina ya kira Uwata ya ce ta goge littafin nan kaf. Ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Sai kuma Allah ya kawo jarrabawa. Ƙanwar amarya, 'yar ƙarama da ba ta daɗe da fara makaranta ba, wadda kullum take zama a jikin gwiwata, zazzaɓi ya kama ta. An kai ta asibiti, an ba da magani, an ce zai ɗauki kwanaki. Amma a cikin zafin jikin, yarinyar nan ba ta kiran kowa sai Kaka. Ku da kuka tashi a gida kun san abin da ake cewa in mara lafiya ya kama sunan mutum.

Da hantsi uwar amarya ta yi waya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce in ba damuwa in zo in duba jikin 'yar. Uwata ce ta tuƙa ni. 

Muka tarar an kwantar da yarinyar a kan bargo a tsakiyar falo, an janye tebur gefe. Ina ganin haka na gane. Gwaggon amarya, yayar ubanta da ta zo daga gida don bikin, ita ce a zaune kusa da kanta. Uwar kuwa tana tsaye a bakin kicin cikin kayan aikinta na asibiti, ta kasa haɗa ido da ni.

Bayan gaisuwa gwaggon ta ce, “Hajiya, ba zargi ba ne wallahi. Mu duka musulmi ne. Amma kin ji abin da ake faɗa, kin kuma ji wanda yarinya ke kira. Ki daure ki ɗan tsallaka ta, hankalin kowa ya kwanta, a yi biki lafiya.”

Uwata ta buɗe baki za ta fara Turanci, na dafa mata hannu.

Haka ake yi wa wanda ake zargi, a sa shi ya tsallake mara lafiya don ya sake shi. In na ɗaga ƙafar nan, na amsa, na kuma amsa wa ɗiyata da Uwata da duk macen da za ta fito daga tsatsona. In na juya na fita, auren jikana ya fita tare da ni. Na laluba cikin kaina ko mahaifiyata ta taɓa koya mini abin yi a irin wannan wuri, ban samu ba. Allah ya jiƙanta, ba a taɓa tsayar da ita haka ba.

Sai Mai Rijiya ta faɗo mini. Akwai wurin da mutanen gari suka kawo mata yaro a ƙofar gida da sanduna a hannunsu, suka ce ta tsallaka. Na sa Uwata ta maimaita mini wurin har na haddace. Ban san lokacin da maganarta ta fito daga bakina ba.

Na ce, “Hajiya, ƙafata ba ta bi ta kan ɗan mutum. Yaro a bayana yake hawa. Ki ba ni ita in goya.”

Na kwance mayafina, na durƙusa da waɗannan gwiwoyin da ba sa son durƙuso. Yarinyar ta buɗe ido ta gan ni, ta miƙo hannu da kanta. Jikinta kamar garwashi. Na ɗaure ta a baya, ta sa kumatunta a wuyana, ta ce da Hausarta rabi da rabi, “Kaka, kurar nan ta cinye akuyar? Mami ta hana ni zuwa, ban ji ƙarshe ba.”



Na ce, “Ba ta cinye ta ba, ƙawata. Bari ki ji.”

Kafin in fara, na juya wurin gwaggon na ce, “Abu ɗaya nake roƙo. A ci gaba da ba ta maganin likita a kan lokaci. In ta warke, Allah ne da likita, kada a ce ni na sake ta. In jikin ya ƙara zafi, a koma asibiti, kada a ce ni na riƙe.”

Gwaggon ta ce, “To ai shi ke nan, Hajiya, kin toshe ko'ina.”

Na ce, “Ƙofa ɗaya na bari, ta gaskiya.”

Na yi ta zagaya falon ina jijjiga ta ina ba ta labarin, har numfashinta ya daidaita ta yi barci. Uwar tana nan inda take, tana kallonmu. Can ta duba agogo, ta ɗauki jakarta da makullin mota. Ta zo har gabana ta rusuna, ta ce, “Mama, lokacin aikina ya yi. In bar miki ita? Maganinta na kan firji, bayan azahar za a ba ta.”

Gwaggon ta kira sunanta da ƙarfi. Ita kuwa ta ce, “Yaya, akwai tuwo a tukunya, ku ci tare da Mama,” ta ja ƙofa ta fita.

Na ga mata masu zuciya a rayuwata, amma wannan baiwar Allah da ta bar mini 'yarta ranar da gari ke cewa mayya ce ni, ban san da me zan auna ta ba.

Zazzaɓin bai sauka ranar ba, kuma na gode wa Allah da bai sauka ba. Ya ɗauki kwanakinsa kamar yadda likita ya faɗa, ina zuwa kullum ina goyo, sannan ya tafi.

Da muka koma gida surukina ya sake tayar da maganar gogewa. Na ce, “Alhaji, a canza sunan garin, a rubuta a gaba cewa ƙirƙira ce. Amma tsohuwar nan ba za a taɓa ta ba. Ta tsaya mini a inda babu wanda ya tsaya.” Ya dube ni kamar na fara ruɗewa, amma ya bar maganar.

An yi biki. Jikana da matarsa suna nan da 'ya'yansu, ni na yi wa matar wankan jegon na farin. Gwaggon ta koma gida bayan biki. Ba ta ci tuwon nan da ni ba, amma da za ta tafi ta aiko mini da turare, na karɓa. Uwar amarya har yau ba ta wuce Juma'a ba ta kira ni ba. Yarinyar da na goya ta yi tsawo ta fi ni, yanzu ita ke yi wa ƙananan tatsuniya in muryata ta gaji. Yaran Asabar sun dawo, ban da na gida biyu, kuma ban bi ba'asi ba. Uwata ta gama littafinta, tana koyar da yara rubutu.

Ita kuwa Mai Rijiya, Uwata ta kashe ta a tsakiyar littafin, ta sauka cikin rijiyarta da ƙafarta ba a ƙara ganinta ba. Na yi fushi, na yini ban yi wa Uwata magana ba. Har yau in na idar da salla ina jero magabatana ina nema musu rahama, mahaifiyata, da tata uwar, da tata, sai in ji harshena ya kai kanta. Sai in tsaya, in tuna ba a taɓa haihuwarta ba. In shafa addu'ata in tashi.