Takardar da ta ce Kawu ya hana ruwa

Shekarar da na fara koyarwa a Tsafe, cikin shekarun saba'in, ban ga wanda ya kai ni ji da Turanci ba. Na fito daga kwalejin horon malamai a Gusau, aka ba ni aji shida, na sayi biro ja da shuɗi na soka a aljihun gaba. Darasin da na fi so shi ne na ƙananan kalmomin nan da Bature yake ɗinke magana da su. Na haddace su gida-gida, yadda muke furta su a bakinmu. Akwai na lokaci, irin su wen da bifo da afta. Akwai na dalili, babbansu bikos, sai sins na biye da shi. Akwai na kwatance, dan da as. Haka nake rera wa yara, su amsa da ƙarfi har malamin aji biyar ya leƙo ya ce mu sassauta. A ganina kowace kalma da gidanta, ba ta kwana a gidan wata.

Mu mutanen Bungudu ne, saboda haka duk Juma'a in an tashi sai in hau mota in ratsa Gusau in tafi gida. Wata Juma'a cikin damina na isa bayan la'asar, aka ce Kawu yana nemana tun shekaranjiya.

Kawu yayan mahaifiyata ne, gonarsa tana wajen Furfuri. Mutum ne mai son a ce shi ya fara abu. A shekarar wani malamin gona ya zagayo da sabon irin auduga. Mutumin kudu ne, Kirista, yana zaune a Gusau, yana zuwa a kan babur. Kowa ya noƙe, Kawu ya karɓa ya shuka. Bayan shukar da kwana biyu ruwa ya ɗauke, tsiron ya fito ya ƙone. Ana cikin haka malamin gonan ya zo bai same shi ba, ya bar masa takarda da aka buga da keken rubutu. Kawu ya ninke ta ya sa a hula yana jirana.

Bai yarda in karanta masa mu biyu ba. Sai da ya tara maƙwabta a zaure, har da wanda gonarsu take iyaka ɗaya, wanda ya fi kowa yi masa dariya kan sabon irin. Ni kuma da na ga jama'a, sai na ce bari in fara karantawa da Turancin tukuna, don a san ba wasa muka je yi Gusau ba. Ina cikin karatu na zo kan kalmar dan.

Kawu ya ɗaga hannu. “Ɗan wa?”

Na yi masa bayani cewa ba ɗan kowa ba ne, kalmar kwatance ce, kuma abin da ake nufi shi ne gonarsa ta fi ta maƙwabtansa gyara. Ya sa na maimaita har sau biyu, yana kallon maƙwabcin nan ta wutsiyar ido.

Sai na zo layi na gaba, wanda ya fara da sins. Ban ko tsaya ba. Na gyara murya na ce, “Saboda ka shuka sabon iri, ruwa bai sake sauka a Furfuri ba.” Na ƙara da cewa ana so ya je ofishin malamin gonan.

Ni kaina na ji maganar ta yi mini nauyi a baki, na sake duba takardar. Sins ne dai, kuma sins ɗan gidan dalili ne. Maƙwabcin ya yi gyaran murya ya ce shi dama ya faɗa, irin da aka zo da shi a kan babur ba a san abin da ke cikinsa ba.

“Mi yac ce?” in ji Kawu. “Ni na hana ruwa?”

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ba ta ɗauki abin da zafi ba. Cewa ta yi in har yana da wannan iko, me ya sa ya bari ruwa ya lalata mata shanyar kuɓewa bara. Da sassafe kuma wani Bafulatani da ke kiwo kusa da gonar ya zo ya durƙusa ya gaida Kawu. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce shi bai yarda da abin da ake faɗi ba, amma in akwai yadda za a yi a tausaya, ciyawa ta fara bushewa. Wannan ne ya ƙarasa tunzura Kawu. Ya sa babbar riga ya ce in wuce mu tafi Gusau. A lokacin ana buɗe ofis ranar Asabar da safe.

Tun daga Bungudu har Gusau yana shirya jawabinsa a cikin mota, yana gwada shi a kaina. Muka sami malamin gonan a bayan tebur. Ya miƙe da fara'a, ya ce, “Baba, sannu da zuwa,” ya jawo masa kujera. Kawu ya ƙi zama. Ya faɗa masa cewa shi tun yana yaro yake noma a Furfuri, ba a taɓa ƙulla masa sharri irin wannan ba. Ya ce irin nan ba roƙonsa ya yi ba, kawo masa aka yi, in kuwa irin ne ya kori hadari to a fara kama mai babur.

Hausar mutumin ba ta da yawa, amma ya gane akwai matsala. Ya karɓi takardar, ya ce in faɗa masa abin da na fassara. Na faɗa masa da Turanci mai kyau, har da bikos. Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya fara dariya har ya cire tabarau yana share ido.

“Malam,” ya ce, “wannan sins ɗin ba saboda ba ne. Na lokaci ne. Daga ranar da Baba ya shuka zuwa yau.”

Ya nuna mini da yatsa cewa in sins ya kafa wata rana, sauran maganar kuma tana faɗin abin da ya ci gaba har yanzu, to lokaci ake aunawa, ba laifi ake ɗorawa ba. Ya ce as ma haka yake, yakan shiga lokaci, ya shiga dalili, ya shiga kwatance. Abin da takardar take cewa kawai shi ne shukar ta ƙone don rashin ruwa, Kawu ya zo ya karɓi wani irin ya sake.

Da ƙyar na iya mayar wa Kawu wannan da Hausa. Ya zauna a kujerar da ya ƙi ɗazu. Na ɗauka ni zai hau da faɗa, sai ya hau Turanci. Ya ce harshen da kalma ɗaya za ta gaida mutum kuma ta kai shi gaban alƙali, ba harshen da za a amince masa ba ne. Malamin gonan ya saurara da ladabi, sannan ya ce da 'yar Hausarsa, “Tunda kun zo, Baba, ku tafi da irin.”

Nan na gane. Tunda kun zo, dalili ke nan. Tun da ka shuka, lokaci. Ashe tamu Hausar ma haka take yi, kalmar tana bakina tun ina yaro. Da ita na faɗa a zaure, da ba wanda ya hau mota.

A tasha Kawu ya ɗora mini buhun iri a ka, ya ce in muka isa in yi shiru, shi zai yi magana. Da muka isa ya sake tara mutanen jiya, ya shaida musu cewa ya je ya yi wa malamin gona magana ido da ido, mutumin ya janye kalamansa, har ya ba shi iri na ban haƙuri. Maƙwabcin ya juyo ya tambaye ni ko haka aka yi. Na ce Turancin takardar mai zurfi ne ƙwarai.

An yi yayyafi a yammacin, Kawu ya ce ya isa shuka. Ranar Lahadi tun hantsi bai fito ba ya miƙa mini sungumi, ya ce ni zan yi gaba ina sara, shi yana binne iri a baya. Ba mu tashi ba sai azahar. Ranar Litinin a Tsafe tafin hannuna duk ya yi ƙulu-ƙulu, da yatsa biyu na riƙe alli.