Albarushi a Tafin Hannu

Ƙarar daga salular 'yata ta fito, wata Lahadi bayan la'asar: dum, sai rugujewar katanga. Na leƙa. Wasan yaƙi ne na zamanin da, inda mutum ke gina birni ya tara mayaƙa. Ta nuna mini kayan rusa ganuwa: wata ƙatuwar majajjawa ta katako mai jifa da duwatsu, sai igwa. Ta ce igwar ta fi ɓarna, sai dai tafiyarta irin ta tsohuwa mai ciwon gwiwa ce, dole a yi mata rakiya da dawakai. In ka taɓa hotonta, wasan ya ba ka tarihi a layi uku: albarushi daga Sin ya fito, ya bi ta hannun Larabawa da Turkawa, ya isa Turai. Ba laifi. Littafinmu na lakwal, wato makarantar boko, daga layi na ukun ya fara.

Gidanmu a unguwar Birni yake, cikin Damagaram, gidan maƙera. Kakana na wajen uba bai ga zamanin da ake zuba wa sarkin Damagaram igwa ba. Kakansa ne ya gani, ya kuma yi. Tagulla da farar wuta a kan raƙuma suke zuwa daga Tarabulus, a sauke a Zango, sauran aikin namu ne. Ƙa'idar ita ce, ranar da za a fara buga sabuwar igwa, wanda ya zuba ta shi zai tsaya a gindinta. Kakana yakan ce shi ya sa zuriyarmu ba ta da yawa, amma ba ta da ha'inci.

Zuwa zamaninsa zubin igwa ya mutu, haɗa albarushi kawai ya saura, maharba na zuwa saye daga Hamdara da Guna. Aikin bazara ne, don albarushi ba ya shiri da damina. Ina tuna warin farar wuta a zaure, da gawayin tumfafiya a ƙwarya, da wani farin gishiri da yake kankarowa daga gindin tsofaffin katangu. Yana da turminsa daban, ba macen da ke taɓa shi. Awon haɗin kuwa a kansa yake, kuma ba ya bayar da shi sai ga wanda ya yarda aka yi gwaji a hannunsa. A zuba ɗan kaɗan a tafin hannu, a taɓa da garwashi. In haɗin ya yi kyau, ya tashi fau, ko fata ba ta sani ba. In bai yi ba, kai ma ka san sauran.

Mahaifina ya zama komi, wato akawu, a ofishin gwamnati tun da wuri, ƙannensa sun tafi Kano fatauci. Ni kaɗai na rage.

Wata rana da hantsi kakana ya kira ni, saura kwana biyu jarrabawar satifika ta gama firamare. Ya ce, "Kai, ɗan lakwal, miƙo hannu."

Mahaifiyata tana bayan zana tana tankaɗe. Ta ce, "Baba, don Allah, hannun rubutunsa ne."

Ya ce, "To, ya kawo na hagu. Shi ma karatu yake?"

Na mai da su duka biyun baya. Da na yi shiru, da abin ya tsaya a tsoron yaro, a sake gwadawa baɗi. Amma ni na ɗaya ne a aji. Na ce malaminmu ya ce Turawa ne suka kawo igwa ƙasar nan, waɗanda ke kwance ƙofar fada ma nasu ne. Na faɗi da Hausa, na maimaita da Faransanci don ya fi nauyi.

Bai yi faɗa ba. Ya zuba a nasa tafin, ya ɗauko garwashi da awartaki. Fau. Hayaƙi ya hau rufin zaure. Ya buɗe mini hannun, fes. Ya ce, "Je ka yi rubutunka."

Na ci jarrabawar. Bai sake kirana ba, ni kuma ban je ba. Ba gaba muke yi ba, kullum ina gaishe shi yana amsawa. Damina biyu bayan haka ya rasu. Turmin aka kife shi a tsakar gida, ana ɗaure akuya a jikinsa.

Yau shekaruna da yawa ina koyar da tarihi a lise, babbar sakandare. An gyara manhaja, yanzu igwogin Damagaram suna da shafi guda, kuma wani Bature mai bincike ya tabbatar a nan aka zuba su, saboda haka ya halatta a faɗa. Ina karantawa, suna rubutawa. Ba na jin komai, darasi ne tsakanin na fataucin Sahara da na zuwan Faransawa. Kusan kowace shekara wani yakan ɗaga hannu ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "to albarushin yaya suke haɗa shi?"

Sai in ce ba ya fitowa a jarrabawa.