Hayaƙin da Tía Casimira Ba Ta Yi wa Jirgin Madrid Ba

Duk wanda ya ƙara rubuta min "ai dai ba wanda ya mutu" toshe shi zan yi, ko ɗan uwana ne. Na san ba wanda ya mutu. 'Yar yayar uwata na cikin jirgin, kuna ganin sai ku ne za ku faɗa min? Ku zauna ku ji wace ce matar nan da kuke ta yawo da hotonta kuna dariya.

Sunanta Casimira Veizaga, yayar mamata ce, ni Tía nake ce mata. In ka taɓa sayen mota a Quillacollo ka san ta. Ita ce mai faffaɗar farar hula da kitso biyu har gadon baya, wadda ke zama a gefen cocin Urkupiña da bokitan furanni. Tun tana yarinya take wurin, a gindin uwarta ta koya. Ba ta yi makaranta ba, sunanta ma da ƙyar take rubutawa, amma ba direban da zai ɗora sabuwar motarsa a kan titi bai kawo mata ta yi mata ch'alla ba. Ta ɗaura furanni a gaban gilashi, ta zuba giya a tayoyi huɗu don ƙasa ta sha rabonta, ta yi addu'arta, shi ke nan ka tafi da kwanciyar rai.

Tambaya ɗaya take yi kafin ta taɓa komai.

"Sabuwa ce ko ta hannu?"

In sabuwa ce, farin fure zalla. In ta hannu ce, sai ta ɗauko kasko ta hura garwashi, ta zuba turare da ganyen koka, ta tura ƙarƙashin motar har hayaƙi ya fito ta ɗaya gefen. Ta ce motar da ta bi ta hannun wasu tana ɗauke da wahalarsu da rantsuwarsu, sai an kore su tukuna. Bayan nan ta kama kunnen direban: "Daga nan ka wuce gareji, hayaƙina ba ya gyara birki." Kowa a garin nan ya san ma'anar hayaƙin Doña Casimira. Daga can bakin kasuwa in aka hango shi ya tashi sai a fara tsokana: "Kai Rufino, ashe tsohuwa ka auro!"

Kuma ba ta raina tsohuwar mota. Rabin basa-basan garin nan sun girme ni, ita ta yi musu hayaƙi, a cikinsu take zuwa gida. Abin da ba ta ɗauka shi ne ka yi wa tsohuwa fenti ka zo ka ce mata sabuwa ce.

Yanzu ga Don Wálter Ledezma. Yana da shagon sayar da tikitin jirgi a kan babban titi. Shi ya riƙe Nilda, 'yar Tía ɗaya tilo, ranar da aka yi mata baftisma, shi ya fara sa almakashi a gashinta. Wato compadre ɗin Tía ne, ita kuma comadre ɗinsa. A wurinmu kun san wannan ya fi ƙarfin wasa. Da mijin Tía ya rasu shi ya ɗauki gaban akwatin gawar. Duk bikin da aka yi a gidan, shi ake fara zuba wa abinci, cinyar kaza tasa ce.

Bara wani sabon kamfani ya fito, wai zai riƙa kai mutane Madrid kai tsaye a kan kusan rabin kuɗin da manyan ke karɓa. Ba zan faɗi sunansa ba, lauyansu ya riga ya turo min saƙo, kuma kun san su. Don Wálter ya zama wakilinsu a nan. Sai ga shi ya zo wurin Tía da takalmi yana ƙyalli.

"Comadre, yau na kawo miki motar da ta fi ƙarfin bokitinki."

"Wace irin mota ce haka, compadre? Tirela?"

"Mai fukafukai."

Ina wurin, ina taya ta tsinke ganye. Ta ajiye almakashi ta kalle shi.

"Sabo ne ko na hannu?"

"Haba comadre! Ko ledar kujerun ba a gama cirewa ba."

"Compadre, ka san ni ban san jirgi ba. Mota zan duba abin taka birki in gane shekarunta. Wannan da bakinka zan gani. Sabo ne?"

Ya dafa ƙirji. "Na rantse da kan 'yata Nilda."

Ranar da aka kai ta filin jirgi ta sa siket ɗinta na biki, mai ruwan zuma. Ba ta ɗauki kasko ba, me za ta yi da shi? Farin fure kwando-kwando, ni na ɗauka mata har wuyana ya ƙage. Jirgin kuwa yana tsaye fari fat, sai warin fenti. Ba a bar mu mun shiga ciki ba, wai doka. Ta tsuguna gaban tayar da ta kusa fin ta tsawo, ta zuba giya. Ta juyo ta ce min, "Yésica, uwata ba ta taɓa kaiwa nan ba." Har da 'yar ƙwalla. Aka ɗauke ta hoto, aka manna a wani ƙaton allo a saman shagon Don Wálter: SABON JIRGI, DA ALBARKAR DOÑA CASIMIRA.

To ku da kuke zaune a Miami kuna rubuta min "me ya sa ba su duba tarihin kamfanin ba", ku gane wani abu. Matan kasuwarmu ba sa duba tarihi a waya. Wurin Tía suke zuwa. "Doña Casi, da gaske sabo ne?" Ta ce, "Da hannuna na ɗaura masa farin fure." Magana ta ƙare. Doña Fortunata mai kunun api, wadda teburinta ke manne da na Tía tun kafin a haife ni, ta sayi tikiti a ranar ta ba ɗanta. Tía ma ta saya wa Nilda, don ta samu aikin kula da wata tsohuwa a Madrid.

Washegarin tashin jirginsu da safe wani saƙon murya ya shigo, muna jera bokitai. Muryar Nilda kamar ba tata ba.

"Mamita, kar ki tsorata, muna Brazil."

Sun yi nisa a kan teku sai aka ji wata ƙara daga ɓangaren hagu, jirgin ya yi girgiza, warin ƙuna ya cika ciki. Matuƙin ya ce ya kashe inji ɗaya, za su juya. Daga nan har suka ga ƙasa ba wanda ya yi magana da ƙarfi, sai addu'a da kukan yara. Matar da ke kusa da Nilda ta riƙe mata hannu har farcenta ya shige. Suka sauka tsakanin motocin kashe gobara. Kun san mu da tafi in jirgi ya sauka. Nilda ta ce ranar ba wanda ya tafa.

Sai ta ƙara da wani abu, tana ƙoƙarin yin dariya: "Yési, a hannun kujerata akwai wurin kaɗe tokar sigari, an liƙe shi. Yaushe rabon da a sha sigari a jirgi?"

Na ce ta ɗauko min hoton lambar da ke kusa da wutsiyarsa. Akwai mutanen da ba su da aiki sai ɗaukar hoton jirage suna ajiyewa a intanet, Allah ya yi musu albarka. Na sa lambar. Sai ga shi. An ƙera shi tun Nilda ba ta zo duniya ba. Ga shi da fentin wani kamfani na Asiya, ga shi da na wani a Turai, ga shi da na wani da ya karye tuntuni. Ga shi kuma a ajiye a hamada an toshe masa injuna, jere da 'yan uwansa, shekara da shekaru, kafin waɗannan su kwaso shi.

Na miƙa wa Tía wayar. Ta daɗe tana kallon hoton hamadar. Ba ta yi kuka ba.

"Shi ne?"

"Shi ne, Tía."

"Ban yi masa hayaƙi ba," ta ce. "Na tura 'yata a kan ruwa ban yi masa hayaƙi ba."

Ku yi dariya in kuna so. Ni ma ban yarda hayaƙi na riƙe inji ba. Kuma na karanta, na san jirgi na iya tsufa ya yi ta aiki lafiya in ana kashe masa kuɗin gyara, na san har sabo yana iya kashe inji. Ko waɗannan suna gyaran ko ba sa yi, ban sani ba, ba wanda ya nuna mana. Abin da na sani, wanda ya yi maka ƙarya a kan abin da kowa zai iya dubawa a waya, me zai faɗa maka a kan abin da ke cikin injin?

Kafin rana ta take labari ya zagaye kasuwa. Doña Fortunata ta miƙe. Ta kira yaran da ke dako suka ɗaga teburinta da tukunyarta zuwa ɗaya gefen titi. Wani direba ya wuce yana ihu ta taga: "Doña Casi, ina da wani sabon jaki a gida, shekararsa talatin, yaushe zan kawo?" Mutane suka kwashe da dariya. Ranar ko mota ɗaya ba ta tsaya a gaban Tía ba.

Abu na ƙarshe ni na gano shi, kuma na yi ta tunanin in ɓoye mata. 'Yar Don Wálter ta cikinsa, Karen, ita ma ta tafi Madrid a satin. Ta sa hoto daga tagar jirgi, da 'yan zukata da komai. Fiffiken da ke hoton na babban kamfanin nan ne mai tsada, wanda ke bi ta São Paulo.

Na nuna mata. Ta tashi ta ɗauki kasko.

Muka sami Don Wálter a shago, waya biyu na ta ƙara a gabansa. Ya taso da hannu a buɗe.

"Comadre! Mun gode wa Allah, kin ga aikin matuƙinmu? Gwani ne. Abin da ya kamata ya yi kenan, ba wanda ko ƙwarzane..."

"Sabo ne ko na hannu?"

"Comadre, ki fahimta, a harkar jirgi ba haka ake kallon abu ba. Hukuma ta duba shi, takardunsa cikakku. Manyan kamfanonin ma suna da tsofaffi. Sabo ne a wurinmu, ai mu yanzu muka..."

"A wane jirgi Karen ta tafi?"

Ya kalle ni. Na ɗaga masa waya na yi masa murmushi.

"Ke yarinyar nan da wayarki, ke ce kike hura wutar nan!"

"Ni ce, Don Wálter. Garwashin ma ni zan hura."

Ya juya ga Tía, ya sassauta murya. "Uwarta ce ta matsa, kin san mata. Comadre, da na ce miki tsoho ne wa zai saya? Mutanenmu fa ba su da kuɗin wancan. Taimakonsu na yi."

"Da ka ce min tsoho ne," in ji Tía, "da na yi masa hayaƙi, na faɗa wa Fortunata gaskiya, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe. Wataƙila ma da Nilda ta hau, don ba mu da na wancan ɗin. Amma ka rantse da kanta." Ta gyara hularta. "Sai an jima, Señor Ledezma."

Tun kafin in yi wayo ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai compadre.

A bakin shagon ta tsuguna, daidai ƙarƙashin allon da ke ɗauke da fuskarta. Na hura garwashi, ta zuba turare da ganye. Hayaƙi ya tashi ya lulluɓe kalmar SABON. Ba ta yi jawabi ba, ba ta zagi kowa ba. Masu bas suka riƙa rage gudu. Wasu mata biyu da suka zo sayen tikiti suka tsaya a bakin ƙofa, suka kalli kaskon, suka kalli allon, suka juya. Wannan ne bidiyon da kuke ta turawa kuna rubuta "tsohuwa na yi wa allo tsafi".

Nilda kuwa, bayan kwanaki a wani otal a Brazil, aka ce an gyara jirgin, wanda zai hau ya hau, wanda ba zai hau ba ya san inda zai nufa. Aiki na jiran ta. Ta hau. Ɗan Doña Fortunata ma ya hau. Sun isa. Tikitinta na zuwa da dawowa ne, a watan Disamba shi za ta sake hawa.

Allon yana nan har yau, wai kwangilar hoton ba ta ƙare ba. Teburin Doña Fortunata ma yana can ɗaya gefen titi. Motoci sun fara dawowa kaɗan-kaɗan, amma Tía ta daina sayo farin fure, kuma ta daina tambaya.

Shekaranjiya wani saurayi ya zo da mota fil daga kamfani, leda a kujeru, ko lamba ba a sa mata ba. Tía ta jawo kasko.

"A'a, Doña Casi, sabuwa ce fa! Jiya na ɗauko ta!"

"Haka aka ce maka," ta ce. "Matsa in tura."