Gangaren Yaya Mani

Duk wanda ya taɓa shiga akori-kurar Yaya Mani daga Bukkuyum zuwa Anka ya san shirun nan. Da mota ta kai bakin gangare sai ya murɗe makulli, inji ya mutu. Ba ka jin komai sai kukan ƙarafa da salatin mata. Ni ƙanwarsa ce. Shekara goma ina bin sa kasuwa da buhunan barkono.

In an yi ƙorafi ya ce gangare kyautar Allah ce, wanda ya ƙona mai a kansa ya yi butulci.

Akwai babban gangare mai gada a ƙasa, faɗin mota ɗaya. Birkinsa kuwa sai an taka sau uku yake kamawa. Wata rana muka tarar da shanu cike da bakin gadar. Na rufe ido, na yi shahada. Muka ratsa su. Wata tsohuwa ta juye mini ƙwaryar nono a cinya. Ya waigo ya ce, "Kun gani? Da injin na kuka, da sun firgita."

Da aka fara maganar gwamnati za ta hana tsofaffin motoci masu shan mai da hayaƙi, tasha ta rabu biyu. Wasu suka ce zalunci ne, wasu suka ce tari ya ishi jama'a. Shi ya ce gwamnatin ta zo ta koya wurinsa. Wani direba ya nuna masa baƙin hayaƙin da ke bin bayansa.

Yaya ya ce, "Rabin hanya taka yi nai. Sauran rabin azumi takai."

Shekarar wahalar mai, da hantsi, kububuwa ta sari ɗiyata Hajo a gonar gero. Babu motar da ke tashi a garin. Yaya ya tono wani galan na mai da ya binne a rumbu, ya juye, muka kama hanya. Ƙafar ta kumbura, jini na fita daga dasashinta.

Muka kai bakin gangare. Na jira shirun. Bai taɓa makulli ba, sai ma ya taka totur. Nan na san abin da ya gani a fuskar yarinyar, tsoron da ban taɓa ji ba ya kama ni.

Mai ya ƙare muna hango Anka. Ya saɓa ta a kafaɗa, dattijo mai furfura, ya yi ta gudu har asibiti.

Ta rayu. Har ya mutu, in ya gan ta sai ya ce, "Ga wadda ta fi motata shan mai."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Yadda ka ɗauke ta, Allah ya sa a ɗauke ka a ƙetare siraɗi da kai.