Kujerar Injin Ɗan'inna

A unguwar Jurf ta Madina, duk wanda ya zauna a shekarun 1980 ya san Ɗan'inna direba. A Madina aka haife shi, amma kakansa daga Damagaram ya tako da ƙafa, shi ya sa Hausarsa rabi ce, rabi Larabci. Gajere ne kakkaura, mai son a ce ya iya. Sana'arsa kai baƙi wuraren ziyara a wata doguwar mota ƙirar Amurka mai silinda takwas, wadda injinta kaɗai ya kai nauyin raƙumi.

Wata rana, bayan shekara tara tana bauta, motar ta fara tari tana fitar da shuɗin hayaƙi. Kowa ya ce ya kai ta gareji. Ɗan'inna ya ce atafau.

"Makina ce fa, ba aljani ba," in ji shi, don haka suke kiran inji a can. "Mutum ya ɗaura ta, mutum zai kwance ta. A gidana zan yi."

Ya tara maƙwabta, aka sa sarƙa a ƙarfen rumfa aka zaro injin, aka ja shi a kan katako har tsakar gida. Nan ya gane ba a gyaran inji a ƙasa, don sai an riƙa juya shi. Sai ya tafi haraj, kasuwar gwanjo, neman ƙarfen da ake ɗora inji a kai, wanda shi yake kira kujera. Ya ga manya masu ƙafa huɗu, ya wuce su. Idonsa ya faɗa kan wata siririya mai ƙafa uku, ja jawur, sai ƙyalli take. Mai kayan ya ce ta ƙananan motocin Japan ce.

"Ƙarfe ai ƙarfe ne," in ji Ɗan'inna, ya saɓo abarsa.

Ranar da aka ɗora injin, maƙwabcinsa Malam Abdussamad, wani Bakano mai koyarwa a jami'a, ya leƙo kallo. Ana sakin sarƙa, wuyan kujerar ya fara sunkuyawa a hankali.

"Alhaji," in ji Malam, yana ja da baya, "wannan dai ruku'u ne. Ka kuwa san abin da ke biye da shi."

Bai rufe baki ba kujerar ta kife. Injin ya dira a kan randar uwargida Iyatu, ya mai da ita tsingaro. Baƙin mai da ruwan sanyi suka malale tsakar gida. Kajin Iyatu suka bi ta ciki, suka zagaye gidan da baƙin sawu har kan tabarma.

Iyatu ta fito daga madafa, ta dubi randar, ta dubi mijinta. "Halas, shi ke nan, Abu Sabiru? Ka gama gyaran?"

Abin ya yi masa ciwo, amma ba ya cikin masu ja da baya. Ya kwana biyu yana zagaya kujerar, har ya gano laifinta: ƙafa uku ba ta riƙe nauyin da ya zurmo gaba, wuyan kuma ba shi da abin tokara. Ƙarfe mai kauri yake bukata, dogo, guda biyu. Ya duba gidan kaf, bai ga irinsa ba sai a wuri ɗaya.

Ran Alhamis Iyatu ta tafi unguwar Ƙurban barkar haihuwa. Tana fita ya kwance gadon ƙarfenta na aure, ya kira mai walda. Suka yanke ƙarfunan gefe, suka yi wa kujerar ƙafa huɗu a buɗe, suka tokare wuyan da wani guntu, suka sa mata manyan tayoyi da dogayen kusoshi. Da aka ɗora injin, ko gezau. Ɗan'inna ya kama hannun juyawa, injin ya mirgina kamar ragon gashi.

Da la'asar Iyatu ta dawo, ta tarar da katifa a ƙasa.

"Ina gadona?"

"Yana nan, ya Ummu Sabiru. Bai bar gidan ba."

Ta bi inda ya nuna da ido, ta ga injin zaune daram a kan ƙarfen da ta sani, har da ragowar koren fentinsa. Ta yi salati.

"Shekara ashirin da biyu ina kwana a kansa, yau makina ta gaje ni da raina!"

Kwana uku yana cin tuwo ba miya. Malam Abdussamad ne ya shiga tsakani, ya yanke cewa a sayo mata sabon gado, ita za ta zaɓa. Ta zaɓi na katako, ta ce ta ga yadda zai yi masa walda.

Gyaran ya ɗauki wata guda, ya kuwa yi kyau. Ranar mai da injin cikin mota, Ɗan'inna ya sa farar riga, maƙwabta suka taru, aka turo kujerar da kabbara. Suna isa ƙofar gida ta tsaya cik. Ƙafafun da ya buɗa sun fi ƙofar faɗi da taƙi guda. Aka gwada ta baya, aka gwada a karkace, ta ƙi.

"A sauke injin, a ja shi a ƙasa yadda ya shigo," in ji Malam.

Ɗan'inna ya dubi injin da ya goge har yana ɗaukar ido, ya dubi ƙasar. "La wallahi. A kawo guduma."

Iyatu tana ji tana gani aka rushe gefen ƙofar. Kujera ta fita, injin ya koma mazauninsa, mota ta tashi bugu ɗaya. Ɗan'inna ya zagaya unguwa sau uku yana danna oda.

Gidan dai ya zauna da wawakeken baki har Ɗan'inna ya sa ƙyauren ƙarfe mai ganye biyu. Masu manyan motoci suka fara zuwa aron kujera, daga aro suka koma cewa a ƙera masu. Kafin shekara biyu ya bar tuƙi, ya koyi walda sosai. Duk wanda ya zo, sai ya tambayi nauyin injinsa tukuna, ya sa shi ya maimaita, don ya ce direbobi suna rage wa mota nauyi kamar yadda suke rage wa kansu shekaru. Haka ya yi ta yi a Jurf har idonsa ya daina jure hasken walda, ya koma zama a bakin ƙofa yana gyara wa yaran da ya ɗauka aiki kuskuren da ba su yi ba.