Geng Shulan da Kofi na Sha Bakwai

Daga watan Fabrairu, duk wanda ya shiga gidan Geng Shulan a ƙauyenmu na Xiaoyushu ba zai sami wurin zama ba. Gadonta na tubali, wanda hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa, kofunan taliya sun mamaye shi, guda arba'in da uku, kowanne cike da ƙasa, kowanne da lambar gonar da aka ɗebo ta. Mijinta, Tsoho Pang, ya daɗe da komawa kan benci, yana cewa shi dai bai taɓa jin inda ƙasa ta karɓe wa mutum makwanci tun yana da rai ba. Da sassafe, kafin ta ɗora kunun gero, sai ta bi kofunan da butar shayi, ta ɗiga musu ruwa, ta sunkuya ta duba 'yan tsiron kabejin da ta shuka a ciki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana malamar gona, amma har yau kofunan nan tsoro suke ba ta.

Tsoron nata yana da asali. A shekararta ta biyu da kama aiki, ita da bakinta ta ce a juya gonakin waken suya zuwa dankali. Dankalin ya fito rawaya fatau, ganye a murɗe, sannan ya kwanta. Ba ƙwari ba ne, ba cuta ba ce. Maganin ciyawar da aka fesa wa waken ne yake kwance a ƙasa, sanyinmu ya hana shi mutuwa. Gidaje tara suka ci hunturu da gayan masara. Ba wanda ya zage ta, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Tun daga nan ta daina yarda da bakin kowa. Kafin ƙasa ta daskare take bin gonaki ta ɗebi nata, kabeji kuwa ba ya iya ɓoye guba.

Laifin namu ne, mu duka. Takardar kwalbar maganin ta ce murfi uku a tankin feshi, amma ba a haifi manomin Xiaoyushu da zai tsaya a uku ba. Sai ya ƙara ɗaya, wai murfin kwanciyar hankali. Mai yawan fargaba ya ƙara biyu. Idan ka tambaye shi kuma ya rantse maka uku ya zuba.

Shekara huɗu da suka wuce, gidaje shida suka haɗa irin dankalinsu za su shuka a gonar Dou Changfu ta bakin kogi, kadada takwas, ƙasar da ta fi kowacce kyau a ƙauyen. Mata sun riga sun yanka irin a tsakar gidansa, suna barbaɗa masa toka, sai ga Shulan ta shigo da kofi biyu. Ɗaya kore shar, ƙasar tudun bishiyoyi ce da ba ta taɓa ganin feshi ba. Ɗayan, mai lamba sha bakwai, tsironsa sun ƙanƙance sun yi rawaya.

"Ƙane Dou, murfi nawa ka zuba wa waken nan bara?"

"Abin da kowa ke zubawa, Yaya Geng."

"Nawa ne kowa ke zubawa?"

"Haba Yaya! Tagarki ce ke shigo da iska, kabejinki ya kama mura, shi ne za ki ɗora wa gonata? Ki ba shi shayi mana!"

Mata suka yi dariya, amma wuƙaƙensu sun tsaya. Shulan ta san tagar tata da gaske tana da tsaga. Sake gwaji sai an yi kwana goma sha, irin da aka yanka kuwa ba ya jiran mako. Ta dubi kofunan biyu, waɗanda suka kwana gefe da gefe a taga ɗaya.

"Ku kai dankalin gonar tudu, inda aka cire alkama."

"Cikin tsakuwar nan?" in ji matar Dou. "Yaya, idan kin yi kuskure fa?"

"Na taɓa yi," in ji ta. "Shi ya sa."

Suka kai, suna gunaguni. Dou dai ya ce ba kofin taliya ne zai koya masa noma ba, ya shuka kunya uku a gefen gonarsa. Wata guda Shulan ba ta bi hanyar kogi ba. Tsoho Pang ya ce ko abinci sai ta juya shi ta ajiye. Ba ta san abin da za ta yi fata ba. Idan kunyoyin suka fito kore, ta kai gidaje shida cikin tsakuwa a banza. Idan suka fito rawaya, to gonar da ƙauyen ke taƙama da ita ta sha guba, kuma ba wanda ya san ranar warkewarta.

Wata safiya a watan Yuni sai ga Dou a ƙofarta, riƙe da tsiron dankali a murɗe kamar tsohuwar igiya. Ya miƙa mata shi.

"Biyar nake zubawa, Yaya. Wani lokacin shida. Gonar ta mutu ke nan?"

"Ban sani ba," in ji ta. Ba ta iya yi masa ƙarya ba, ga shi ita ma tsoron ya cika ta.

Ke ce kika ɗauki wannan tsoro kika mai da shi aiki, Yaya Geng. Kin tsara mana wake, sannan masara, sannan alkama, don kada ciyawa iri ɗaya ta saba da gona. Kin sa ana bin gonar alkama da haro, ƙarfen barbaza ƙasa, da zarar an girbe, tun ciyawa ba ta zubar da 'ya'ya ba. Kin dawo da firi da maimai da huɗa, waɗanda muka watsar don ganda. Kin ce a fesa saman kunya kaɗai, kwarin a bar wa garma. Mun yi miki tsiya, mun kira ki uwar kofuna, kika yi kunnen uwar shegu. Yau kwalaben da muke buɗewa ba su kai rabin na da ba.

Kowace shekara kofi na sha bakwai yana fitowa da ɗan sauƙi, amma bai taɓa yin kore sosai ba. Bana kuma, shekarar da za ta ajiye aiki, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ƙara bambanta kore da rawaya. Dou ne ke zuwa kullum da safe ya duba mata. Kwana sha biyu da shuka, ya ɗaga kofi na sha bakwai zuwa taga, ya tsaya yana ta kallonsa.

"Yi magana mana, kana kashe ni."

"Kore ne, Yaya."

"Dou Changfu, ka taɓa yi mini ƙarya a kan gonar nan."

Sai ya kama yatsanta ya ɗora a kan ganyen. Ta shafa na sha bakwai, ta shafa na tudu, ta sake komawa. Faɗinsu ɗaya. Ta zauna a bakin gado tana kuka, Tsoho Pang yana faɗa a kan za ta zubar masa da ƙasa.

Mun gode, Yaya Geng. Kin ji tsoro a madadinmu shekara talatin da ɗaya, mu kuwa muna barci. Yanzu abin da ke ba ni tsoro shi ne, gonaki arba'in da uku ne, mai dubawa Dou ne kaɗai, kuma har yanzu akwai masu zuba murfi na huɗu idan ba ido. Jama'a, kafin ƙasa ta daskare bana, kowa ya je ya ɗebo ta gonarsa, ya shuka kabeji, ya ajiye kofin a kan gadon da shi kansa yake kwana.